Inna ta ƙi ba da bahaya a kai gwaji, ya zan yi?

Nasiru Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri da maganar da zan kawo, ba mai daɗin ji ba ce, amma ta dame ni. Mahaifiyata ta kai wata huɗu tana fama da ciki. Da ta ci abinci sai ƙwarnafi, ciki ya kumbura, wani lokaci zawo ya zo kwana biyu ya tsaya. Mun sha sayen maganin ulsa a kemis, na taifod kuwa sau biyu tana shan sa. Makon jiya na kai ta asibiti, likita ya ce ba zai ƙara rubuta komai ba sai an gwada bahayarta. Aka ba mu 'yar roba mai murfi da ɗan cokali manne a cikin murfin. Ta ce ba ta iya yi a bayin asibiti, muka dawo gida. Yau kwana biyar robar tana kan taga. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta miƙo min ƙazantarta a hannu. Kuma ni kaina ban san yadda ake ɗiba ba. Wanda ya sani ya taimaka.

Hajiya Luba:
Wa alaikumus salam. Allah shi ba Inna lahiya. Kai ma ɗana da naka, ya za a yi ka tunkare ta da wagga magana kai tsaye? Ko ni ce ba ni ba ka. Ba ka da ƙanwa, ko wata ƙawarta da suke shiri? Mace za ka sa ta yi mata magana, ita ta karɓa ta ƙulle a leda, kai naka kawai ɗauka. Ba sai kun haɗa ido ba.

Nasiru Mabera:
Hajiya akwai autarmu, tana aure a Arkilla. Da ita ce Inna ke sakin jiki. Ban yi wannan tunanin ba wallahi.

Baba Sidi Ƙofar Rini:
Mu da munka tashi, cikin kwalin ashana aka kai shi. A tsinko da tsinken tsintsiya a sa, a naɗe da takarda, a kai asibiti. Kuma anka duba anka ba mu magani munka warke. Yanzu komi sai an tsawwala.

Anti Saratu:
Baba ina wuni. Gaskiya ne an yi zamanin kwalin ashana, har yanzu ma akan kawo mana shi jefi-jefi, musamman daga ƙauye. Ni aikina ke nan, ɗakin gwaji, shekara goma sha. Matsalar kwalin ita ce yana tsotse ruwan da ke jikin bahayar, kafin a iso ta bushe ta zama kamar ƙasa. Ƙwan tsutsa mai taurin ɓawo zai iya jurewa a gan shi, shi ya sa a da ake samun sakamako. Amma ƙananan halittun da ke kawo atuni ba sa jurewa, kuma idan shuka ƙwayar cutar likita yake so a yi, wato a rene ta a ɗakin gwaji har ta yaɗu a gane ta, kwalin ya riga ya kwaso nasa dattin. Sai a ce maka ba a ga komai ba alhali akwai.

Malam Nasiru, ga yadda za ka gaya wa ƙanwarka. Tun kafin komai a rubuta sunan Inna a jikin robar, da kwanan wata, a bar gurbin lokaci. Idan ta ji bahaya, ta fara yin fitsari ta gama tukuna, don fitsari yana lalata abin da muke nema. Sannan ta yi bahayar a kan wani abu mai tsabta kuma busasshe: fo ɗin yara da aka wanke aka ɗauraye sabulun sosai ya bushe, ko sabuwar leda a shimfiɗa a cikin fo ɗin. Kada ta taɓa ƙasa, kada ta taɓa ruwan buta, kada a ɗebo daga cikin masai ko daga ruwan bayin zamani. Da ɗan cokalin nan na murfi za a ɗiba. Ba a cika robar. Kamar girman ƙwallon dabino ya isa, in ruwa-ruwa ce kuwa cokali biyu ko uku. In akwai inda aka ga jini ko majina, nan ne wurin ɗiba, kada a kauce masa don ƙyama, shi muke nema. A rufe gam, a rubuta lokaci, a sa a leda a ƙulle, a wanke hannu da sabulu.

Abdul Gawon Nama:
Anti ki yi haƙuri, ni fa ban yarda da waɗannan gwaje-gwajen ba. Sau biyu ina kai nawa wani wuri, duk biyun aka ce ba komai, ni kuma ciwon na nan. Kuɗi kawai ake karɓa. Ƙarshe jiƙon sabara da kanwa ne ya ɗan lafa min.

Anti Saratu:
Malam Abdul, da ka kai, awa nawa tsakanin fitarta da isarta hannun mai gwaji? Kuma kana shan wani magani a lokacin?

Abdul Gawon Nama:
Da asuba na yi, na buɗe shago tukuna, sai bayan azahar na kai. Magani kuwa ina shan Flagyl, don shi nake sha duk lokacin da cikin ya motsa.

Anti Saratu:
To ka ga. Ban ce duk wani wurin gwaji na ƙwarai ne ba, akwai masu sakaci, ni ma na sani. Amma a naka, ko wa ka kai wa abin da zai gaya maka ke nan. Amiba, wadda ke kawo atuni mai jini da majina, ana gane ta ne tana motsi a ƙarƙashin madubin gwaji. Idan bahayar ruwa ce, cikin minti 30 ake so a duba ta. Mai laushi, cikin awa 1. Mai tauri ce kawai ke iya jira har zuwa awa 24. Wadda za a shuka kuma ana so ta iso cikin awa 2. Kai ka ajiye ta daga asuba zuwa azahar, a garin da zafin Afirilu ke wuce digiri 40. Ga kuma Flagyl, wanda aikinsa shi ne kashe ainihin abin da ka kai a nemo. Ya rage su yadda ba za a gani ba, amma bai gama da su ba don ba a sha shi bisa ƙa'ida ba.

Abdul Gawon Nama:
Ba wanda ya tambaye ni wannan a can. Karɓa kawai suka yi.

Anti Saratu:
Wannan laifinsu ne, kuma yana ɓata min rai. Mai karɓa ya kamata ya tambaya. Minti ɗaya ne.

Dr. Aliyu:
Salam. Na ga Anti Saratu ta gama da ɓangaren ɗiba, bari in ƙara ta ɓangarenmu. Malam Nasiru, duba takardar da likita ya ba ku ka gaya min abin da ya rubuta, don gwajin bahaya ba iri ɗaya ba ne.

Nasiru Mabera:
Likita abu biyu ne. Ɗaya na ga an rubuta H. pylori, ɗayan rubutun ban iya karanta shi ba, amma ya ce na tsutsa ne da ƙwayoyin cuta.

Dr. Aliyu:
Madalla. To wace irin ƙwaya Inna ke sha yanzu?

Nasiru Mabera:
Omefirazol, kullum da safe. Da wani farin ruwa mai kauri na kwalba. Na taifod ɗin ta gama shi kusan wata biyu ke nan.

Dr. Aliyu:
Nan ne gizo ke saƙa. H. pylori ƙwayar cuta ce da ke zama a cikin tumbi, ita ce ke jawo mafi yawan gyambon ciki da mutanenmu ke kira ulsa. An daɗe ana ɗora laifin a kan yunwa da yaji da damuwa, sai a 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 ya kamu, don ya nuna. A 2005 aka ba su lambar Nobel. Na kawo wannan ne don a gane ulsa tana da magani na warkewa, ba sai mutum ya shekara goma yana haɗiyar omefirazol ba.

Amma omefirazol yana danne ƙwayar ta yi ƙasa, gwajin ya fito babu alhali tana nan. Ana so a bar shi mako 2 kafin gwajin. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa, mako 4. Na taifod ɗin ya wuce, ba matsala. Sai dai kada ka tsayar mata da magani da kanka saboda maganata a waya. Koma wurin likitan da ya gan ta, ka ce ga abin da take sha, ya gaya maka ko a dakata da shi da abin da za ta riƙa sha a madadinsa. Shi kansa farin ruwan ka ambata masa, don yana iya dagula duban tsutsa.

Abu ɗaya kuma, kuma ina so kowa a zauren nan ya ji. Idan bahaya ta koma baƙa ƙirin kamar kwalta tana wari, ko ana amai da jini, ko dattijo yana rama ba dalili, ko abinci yana maƙalewa, ba a jiran mako biyu. Asibiti a ranar, ko Asibitin Ƙwararru ko na koyarwa na Danfodiyo, duk wanda ya fi kusa.

Nasiru Mabera:
Alhamdu lillah ba ta kai nan ba. Ta ɗan rame amma don ba ta ci sosai. Zan koma gobe in sha Allah.

Maman Khalifa:
Don Allah ni tambayata ta yaro ce. Wata tara, yana zawo, an ce in kawo. Ruwa ne zalla, famfas ke shanyewa. Ya zan yi?

Anti Saratu:
Maman Khalifa, juya famfas ɗin za ki yi, ɓangaren ledar ya koma ciki, ko ki shimfiɗa leda mai tsabta a ciki ta bayan. Ki zauna kusa, da ya yi ki kwashe da cokalin nan take kafin fitsari ya haɗu da shi. Kada ki kankaro wanda ya riga ya shige cikin audugar. Kuma kada ki shafa masa man shafawa ko hoda a wurin kafin nan. Amma ki ji ni: kada jiran gwaji ya hana ki ba shi ruwan gishiri da sukari da zinc, kuma ki ci gaba da ba shi nono. In ido ya faɗa ko maɗiga ta lotsa ko ya daina fitsari, ɗauke shi ku tafi, a can ma a ɗiba.

Malam Buhari Gwiwa:
Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake bi. Akwai abin da ke hana tsofaffinmu bayan kunya, ba a cika faɗa ba: tsoron kada a yi musu wani abu da shi. An taso ana cewa gashi da farce da bahaya ba a barin su a hannun wani. Kada a yi wa mai wannan tsoron dariya, a zauna a yi masa bayani cewa ɗan kaɗan ake shafawa a gilashi a duba, sauran a zubar ko a ƙone. Neman magani kuwa addini ya yi umarni da shi, kuma ɗaukar najasa don lalura ba laifi ba ne. Abin da zan ja hankali a kai shi ne salla. Kada mutum ya sa robar a aljihu ya shiga sahu yana sane, don yana ɗauke da najasa ko da a rufe take. Ya kai ta tukuna, ko ya ajiye ta a waje.

Hajiya Luba:
Malam ka taɓo inda ke yi min ƙaiƙayi. Yayata da ke Wurno haka tac ce, wai ba ta san hannun da za ta faɗa ba. Sai da ɗiyarta ta rantse mata ita da kanta za ta tsaya har a gama.

Abdul Gawon Nama:
To in an yi da dare fa? Ciki ba ya jiran a buɗe asibiti. Ba sai a sa a firji ba?

Maman Khalifa:
Firjin da ake sa kunun aya da zoɓo? A'a wallahi.

Anti Saratu:
Ku duka biyu kuna da gaskiya ta wani ɓangare. Bahaya mai tauri, ko wadda za a yi wa gwajin H. pylori, tana iya kwana a sanyin firji in an rufe ta an ninka leda biyu an ware ta daga abinci. Ba a sa ta inda take ƙanƙara. Amma mai ruwa da ake neman amiba a ciki, sanyi yana tsayar da motsinsu, an yi asara. Sannan mu faɗi gaskiya, firjin da wuta ke ɗaukewa ƙarfe goma na dare ba firji ba ne, akwati ne. Shawarata a garin nan ita ce a bar ta dare ta tafi, a jira ta safe. Yawancin mutane suna jin bahaya bayan sun sha koko ko shayi mai zafi. A shirya mai kabu-kabu tun kafin nan. Kuma kada a sa ta ƙarƙashin kujerar babur kusa da inji, ko a gaban mota inda rana ke duka.

Usman Goronyo:
Ni na yi aikin sa ido kan shan inna a ƙauyukanmu, don haka maganar sanyi na san ta. Duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafa ko hannu ya saki farat ɗaya, bahayarsa ake ɗiba sau 2, a bar aƙalla awa 24 tsakani, cikin kwana 14 da farawar abin. A cikin akwatin ƙanƙara muke ɗaukowa, daga nan har ɗakin gwajin Ibadan ko Maiduguri. Da irin wannan ɗibar, gida-gida, aka tabbatar asalin ƙwayar shan inna, wadda ake kira ta daji, ta ƙare a Najeriya, har aka ba da shaidar a watan Agusta 2020. Uwaye da yawa sun fara ƙi, amma da mace ta shiga ta yi musu magana sai su ba da. Ku da ke cikin gari, asibiti na nan kusa, abin ya fi muku sauƙi.

Kuma likita, mutanenmu na bakin madatsar ruwa da masu aikin fadama, ba tsargiyar fitsari kaɗai ke damun su ba ko?

Dr. Aliyu:
Haka ne Malam Usman. Tsargiya iri biyu ce a ƙasar nan. Wadda aka fi sani ita ce mai sa fitsarin jini, ana ganin ƙwanta a fitsari. Akwai ta hanji, ita a bahaya ake ganin ƙwanta, kuma in ta daɗe tana taɓa hanta. Duka biyun daga shiga ruwan da ke da dodon koɗi ake samu. Akwai kuma tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa ta riƙa shan jini a hanji, mai noma ba takalmi ya yi ta fari ana cewa shawara ce. Macijin ciki mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har 200,000 a rana, shi ba ya wuyar gani. Amma wasu ba kullum suke fitowa ba, shi ya sa in zargi ya yi ƙarfi mukan ce a kawo sau 3, ana tsallake rana, cikin kwana 10. Mutum ya ji an ce ya sake kawowa sai ya ɗauka cuta ce ake yi masa.

Baba Sidi Ƙofar Rini:
Likita, ni jini nika gani wani lokaci. Na san basir ne, tun ina saurayi.

Dr. Aliyu:
Baba, mai yiwuwa basir ɗin ne. Amma a shekarunka ba na son a tsaya a kan "na san". Ciwon daji na hanji yana fara wa mutum da irin wannan jinin, kuma na sha ganin dattawa sun shekara suna shan maganin basir na gargajiya, sai sun zo abin ya yi nisa. Tunda kana ganin jinin da idonka, ba gwajin bahaya kake buƙata da farko ba, likita ya duba ka. Gwajin jinin da ke ɓoye a cikin bahaya na wanda ba ya ganin jinin da idonsa ne. Shi ma akwai tsohon iri da ake hana cin jan nama kwana 3 kafin a yi, akwai sabo da ba ruwansa da abinci, sai a tambaya wanne za a yi. Mata kuma ba sa ba da shi lokacin al'ada. Baba don Allah ka je cikin makon nan. In kunya ce, ka ce namiji kake so ya duba ka, za a ba ka.

Baba Sidi Ƙofar Rini:
To ɗana, na ji. Sai in sa yaro shi kai ni ran Litinin.

Nasiru Mabera:
Salam jama'a. Na dawo da bayani, yau kwana goma sha takwas da maganarmu. Likitan ya dakatar da omefirazol ɗin ya canza mata wani abu. Autarmu ta zo ta kwana biyu a gida. Ban san me ta gaya wa Inna ba, ni dai na ji suna magana ƙasa-ƙasa a ɗaki bayan isha'i. Karo na farko mun yi kuskure, ta ɗiba daga fo ɗin da bai bushe ba, akwai ruwan omo a ciki, aka ce mu sake, aka ba mu sabuwar roba. Shekaranjiya da safe, bakwai da kwata, ta fito ta rataya baƙar leda a hannun babur ɗina ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Inna tana ɗaki ta saki labule. Takwas saura kwata na miƙa.

Sakamako ya fito jiya. H. pylori akwai. Tsutsa ba a gani ba. An rubuta mata magunguna na kwana 14, an ce kada ta tsallake ko sau ɗaya ko da ta ji sauƙi.

Anti Saratu:
Alhamdu lillah. Rabin awa, ka yi daidai. Ka gaishe min da ƙanwar taka.

Dr. Aliyu:
Allah ya ba ta lafiya. Bakinta zai iya yin ɗaci, ko ta ɗan yi tashin zuciya, ka gaya mata tun yanzu don kada ta ajiye maganin a kwana na huɗu. Kuma akwai saura: bayan ta gama da aƙalla mako 4, a sake gwajin a tabbatar ƙwayar ta tafi, don wani lokaci tana bijire wa maganin. Ka karɓo robar tun yanzu ka ajiye.

Nasiru Mabera:
Na karɓo likita, guda biyu ma. Na ba autar ta riƙe a wurinta, ita za ta san ranar da za ta zo.

Abdul Gawon Nama:
Anti Saratu, in na bar Flagyl ɗin yau, yaushe zan iya kawowa? Kuma ƙarfe nawa ake fara karɓa da safe?